Ma'anar fos-rok: shin kiɗan ya dace da masu kaifin ji?

Yayata da ke zaune a unguwar Bukoki, nan Yamai, tana da yaro ɗan shekara 7 wanda ƙara ke wahalar da shi fiye da sauran yara. In wuta ta ɗauke maƙwabta suka tada janareto, ko ɗan kabu-kabu ya danna ham a ƙofar gida, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Kwanan baya wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Faransa ya turo mata kiɗe-kiɗe ta WhatsApp, ya ce: "Yaya, ki riƙa sa masa wannan, ba waƙa a ciki, kwantar da hankali yake." Ita kuma ta kira ni ta ce: "Ƙanena, kai da ka san waɗannan abubuwa, mene ne fos-rok ɗin nan?"

A YouTube post-rock ake rubuta shi. Rok dai shi ne kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna wanda ya taso daga Amurka, kalmar da ke gabansa kuma tana nufin abin da ya biyo baya. Wani mai sharhin kiɗa ɗan Ingila, Simon Reynolds, shi ya yaɗa sunan a shekarar 1994, yana bayanin makaɗan da ke riƙe da kayan kiɗan rok amma suna yin wani abu dabam da su. Babu amshi, babu baiti, sau da yawa ma babu mawaƙi. Jitar ba ta jan waƙa, shimfiɗa sauti take yi, wani bisa wani. Ƙungiyoyin da suka yi suna a wannan fanni sun haɗa da Mogwai na birnin Gilasgo, da Tortoise na Cikago, da Explosions in the Sky na jihar Tekzas. Kiɗa guda yakan kai minti 10, wani ma ya haura 20.

Kaifin ji kuwa ba rashin haƙuri ba ne, ba kuma shagwaɓa ba, ko da yake haka ake yawan fassara shi a gidajenmu. Sautin da kai ba ka ko lura da shi ba, kamar karon cokali da kwano, wani yana jin sa har cikin ƙwaƙwalwa, wani lokaci da zafi. Ana samun haka ga yawancin masu galahanga, wato otizim, har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi cikin alamomin da ake dubawa tun 2013. Ana samun sa kuma ga masu ciwon ɓarin kai, da masu larurar kunnen da likitoci ke kira hiferakuzi. Kuma ba ƙarfin ƙara kaɗai ke damunsu ba. Ƙarar da ta zo ba zato, da mai tsini, da sautuka da yawa da suka cakuɗe, su ne suka fi tada hankali.

To, a nan gizo ke saƙar. Fos-rok yana farawa ne a hankali: jita guda tana maimaita ƴan sautuka, da amsa-kuwwa mai taushi kamar a cikin rijiya. Wannan ɓangaren yana da daɗi ga mai kaifin ji, don maimaici yana sa kunne ya san abin da ke tafe, kuma babu kalmomin da ƙwaƙwalwa za ta wahala wajen bi. Amma al'adar kiɗan ita ce hawa. Kamar hadarin farkon damina yake: iska mai sanyi tukuna, sai ƙura, sai tsawa. A minti na shida ko na bakwai ganguna su shigo, faifan ƙarfe ya fara tsiwa, a murɗa jita ta yi kuka. Duk wanda ya taɓa jin jitar Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, lokacin da ya ɗau zafi, ya san irin kukan da nake nufi. Mogwai ma sun shahara da tsananin ƙara a wasanninsu. Abin da ya fi muni, da yake farkon shiru-shiru ne, sai mutum ya ƙara murya don ya ji sosai, tsawar ta same shi kunne a buɗe.

Saboda haka ni ban yarda da lakabin "mai sanyi" da ake manna wa jerin kiɗe-kiɗen intanet ba. Wanda ya haɗa jerin da kunnensa ya auna, ba da na ɗan yayata ba. Akwai fos-rok da ba ya hawa ko kaɗan, mai kusa da salon da ake kira ambiyan, kuma shi ne ya fi dacewa. Sai dai suna ba ya nuna shi, dole babba ya saurara daga farko har ƙarshe.

Batun murya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Ga mai kaifin ji ƙasa da haka ma ya fi, kuma gara ƙaramar lasifika a ɗaki da abin sawa a kunne, sai in shi ya nema. Likitocin kunne suna gargaɗi kan toshe kunne yini guda, don yana iya ƙara kaifin.

Na kuma ce wa Yaya kada ta raina na gida. Molo ko gurmi da aka kaɗa a hankali, ba kalangu ba guɗa, yana da irin maimaicin nan. Sarewa ce nake shakka, tsininta yana iya soka.

Daren Juma'a ta zauna ta saurari dukan abin da aka turo, guda 12. Uku kawai ta bari. Yaron ya zaɓi ɗaya a ciki, shi yake so a maimaita masa kullum bayan isha'i, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe salular sai shi, yatsansa na kan maɓallin rage murya.