Bitamin D

Bitamin D sinadari ne mai narkewa cikin kitse, wanda ke taimaka wa hanji tsotse kalsiyam da fosfet daga abinci domin gina ƙashi. Ya bambanta da sauran bitamin ta fuska ɗaya: fatar mutum na iya samar da shi da kanta idan hasken rana nau'in UVB (wani ɓangare na hasken UV, wanda ido ba ya gani) ya taɓa ta. Daga nan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa aikin, ya koma kalsitiriyol, wanda shi ne ke aiki a jiki. Shi ya sa masana da yawa ke ɗaukarsa a matsayin homon, wato sinadarin da jiki ke samarwa don daidaita ayyukan gaɓoɓinsa. Nau'o'insa biyu ne, D2 da D3.

Tarihi

Cuta ce ta kai ga gano shi. Likita Francis Glisson na Ingila ya wallafa cikakken bayani a 1650 kan rikets, ciwon da ke laushe ƙasusuwan yara har ƙafafunsu su lanƙwashe. Ciwon ya yi ƙamari a biranen masana'antu na Turai, inda hayaƙi da cunkoson gidaje ke tare rana. Wajen 1822 Jędrzej Śniadecki ya lura cewa yaran birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa, ya ɗora laifin kan rashin rana, sai dai maganarsa ba ta samu karɓuwa ba a lokacin.

A 1919 Edward Mellanby ya warkar da karnuka masu rikets da man hantar kifi, yayin da Kurt Huldschinsky a Balin ya warkar da yara da fitila mai hasken UV. Magani biyu, ciwo ɗaya, abin ya ɗaure wa masana kai. Elmer McCollum ya nuna a 1922 cewa abin da ke cikin man ba bitamin A ba ne, ya ba shi harafin D saboda shi ne na huɗu da aka raɗa wa suna. Harry Steenbock na Jami'ar Wiskonsin ya gano cewa haska abinci da UV na ƙara masa wannan sinadari, kuma daga shekarun 1930 aka soma ƙara shi a madara a Amurka.

Inda ake samunsa

Kifi mai kitse, gwaiduwar ƙwai, hanta, da abincin da aka ƙara wa shi. Hasken UVB ba ya ratsa gilashin taga, kuma mai duhun fata na buƙatar daɗewa a rana fiye da mai haskenta.

Adadi

Hukumomin Amurka sun ba da shawarar IU (ma'aunin ƙasa da ƙasa na adadin bitamin) 400 kullum ga jarirai, 600 daga shekara 1 zuwa 70, sai 800 ga waɗanda suka haura. Rashinsa kan kawo wa manya laushin ƙashi da raunin tsoka. Yawan shan ƙwayarsa kuwa na tara kalsiyam a jini, ya illata ƙoda.

Taƙaddama

Ana danganta shi da kariya daga sankara da ciwon zuciya. Wani babban bincike a Amurka mai suna VITAL, da aka fitar da sakamakonsa a 2018 kan mutum sama da 25,000, bai tabbatar da hakan ba.