Daga Garmaho zuwa Wayar Hannu: Hanyar da Tsofaffin Waƙoƙi Suka Bi Suka Iso Kunnenmu

Kwanan baya na hau adaidaita sahu daga Ƙofar Nasarawa, sai na ji kiɗan kotso yana tashi daga wata 'yar sifika da direban ya ɗaure da roba a jikin ƙarfe. Yaro ne matashi, da ƙyar in ya haura ashirin da biyu. Muryar Musa Ɗanƙwairo ce. Na ce masa, "Samari, kai kuma ina ka san wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba, a TikTok na ji ɗan gutsurenta, ta shiga raina, sai na je aka tura mini cikakkiya." Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, fiye da shekara goma kafin a haifi wannan yaro. Shi a wurinsa sabon abu ya gano, ni kuwa tuna baya nake yi, alhali waƙa ɗaya muke saurare.

Doguwar hanya waƙar nan ta biyo kafin ta sauka a wayarsa, kuma a kowane zango sai da aka yanke mata wani abu.

A da can waƙa tana zaune ne inda aka yi ta. Wanda yake son jin Ibrahim Narambaɗa sai ya je Isa, ƙofar fadar Sarkin Gobir, ranar salla ko daren Juma'a. Wanda yake son jin Salihu Jankiɗi sai ya nufi Sakkwato. Ma'ajiyar waƙa ita ce ƙwaƙwalwar makaɗi da ta 'yan amshinsa, kuma daga nan take gangarowa ga ɗa ko ƙane da ya gaji kiɗan. In gidan ya watse, waƙoƙin sun bi shi. Makaɗan da suka yi zamani kafin zuwan na'ura, sunayen wasunsu kawai suka rage a bakin tsofaffi.

Garmaho ne ya fara kama murya. Bahaushe ya dubi abin nan baƙi mai faɗi da ake ɗora wa allura, ya ga ya yi kama da faifan da mata suke rufe ƙwarya da shi, sai ya kira shi faifai, sunan kuma ya zauna har yau da ake cewa faifan bidiyo. Sai dai faifan farko, mai juyi 78 a minti ɗaya, abin da fuskarsa guda take ɗauka bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Waƙar fada kuwa a minti uku ko sharar fage ba ta gama ba, ba a zo kan zuga ba balle habaici da zambo. Ga shi kuma kamfanonin ɗaukar faifai a Legas suke, hankalinsu yana kan kiɗan da ake saye a can. Abin da Arewa ta samu a wannan zango kaɗan ne, kuma garmahon kansa sai gidan mai hali.

Rediyo ce ta yi aikin gaske. Akwatin rediyo da ake jona wa wayar ƙarfe ya iso Kano a 1944. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, rediyon Nijar a Yamai ya biyo baya a 1958, shi ne aka sake wa suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma in ana maganar tsofaffin waƙoƙin Hausa da suka tsira, babban kaso daga irin waɗannan gidaje suka fito. Ma'aikata suna gayyatar makaɗa zuwa ɗakin ɗaukar murya, ko su ɗauki na'ura mai zaren tef su bi su garuruwansu. Zaren ya fi faifai haƙuri, makaɗi yana iya sakin jiki ya yi minti ashirin yana jan waƙa yadda ya saba.

A nan ne aka sami wani abu da ba a taɓa gani ba: manomi a ƙauyen Haɗeja yana jin makaɗin Zamfara, mahauci a Damagaram yana jin kalangun Mamman Shata, ba tare da ɗayansu ya bar garinsu ba. Gurmin Haruna Uji, kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam, kuntigin Ɗanmaraya Jos, waƙoƙin damben Ɗan'anace, duk suka zama na kowa. Duk wanda ya girma a wancan zamani zai tuna shirin rediyo na Zaɓi Sonka. Mutum ya aika kati da jerin sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya zauna jiran ranar da za a karanta, wani lokaci gaisuwar ta fi waƙar tsawo. A ganina rabin kewar da dattawa suke yi ba ta waƙar kaɗai ba ce. Ta haɗa da jiran nan, da zaman tabarma bayan isha'i ana kewaye da akwati guda, da tsawar da ake yi wa yaro in ya yi motsi. Waƙar da ba ka da ikon maimaitawa, da dukkan kunnenka kake jin ta.

Amma fa rediyo tana da zaɓinta. Wanda ma'aikata suka sani, ko wanda wani babba ya yi wa hanya, shi ake ɗauka. Kuma zaren tef yana da tsada, shi ya sa gidajen rediyo a ko'ina a duniya suka riƙa goge tsohon ɗauka su ɗora sabo a kai. Wanda ya tsira daga gogewa sai ya haɗu da zafi da ƙura da damina. Wani ɓangare kuma baƙi ne suka kwashe: Ba'amurke David Ames ya zauna a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964 yana ɗaukar kaɗe-kaɗen fada da na sana'a, aka fitar da su a faifai a Turai, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kiɗan da jikokin masu shi ba su taɓa ji ba yana nan a ɗakunan karatu na ƙasashen waje.

Sai kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma bai cika gidajenmu ba sai tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur suka shigo, kuɗin ƙarin albashi na Udoji kuma suka faɗo aljihun ma'aikata a 1975. Rikoda ta shiga sahun babur da agogo a cikin abin da saurayi yake burin mallaka. A nan ne mai saurare ya karɓi iko daga hannun gidan rediyo. Ka sa kaset marar komai, ka ɗora yatsa a kan maɓalli kana jiran mai gabatarwa ya yi shiru. Shi ya sa har yau za ka ji tsohuwar waƙa a intanet, can farkonta ga ragowar muryar ma'aikacin rediyo yana ƙarasa magana. In batir ya yi sanyi muryar Shata ta koma kamar ta mai barci, sai a fitar da batir a shanya a rana. In za a mayar da waƙa baya, biro ake zura wa kaset a juya da hannu don kada a ɓata batir. In zare ya tsinke, jan farce ya ɗinke shi.

Kaset ne ya kai waƙar Hausa inda duk Bahaushe ya je neman abinci. Direbobin dogon zango da fatake suka ɗauke shi daga shagunan Bata da Sabon Gari a Kano zuwa Sabo a Ibadan da Agege a Legas, zuwa zangon Kumasi da Nima a Akara, zuwa Garwa da Njamena. Daga Maraɗi kuma kaset ɗin Sa'adu Bori ya tsallako ya cika gidajen biki a Najeriya. Duk wannan kwafi ne a kan kwafi. Mai shago yana da uwar kaset, ya juya wa wani, wannan ya juya wa wani, har sautin ya dushe, shuuu ɗin nan ya zama kamar ɗaya daga cikin kayan kiɗan. Na san masu cewa in aka wanke sautin tas ba sa jin daɗinsa.

Makaɗan ba su ci komai daga wannan ciniki ba, kuma yawancinsu ba su sa rai ba. Arzikin makaɗi yana wurin wanda ya wasa: riga, doki, mota, kujerar Makka. Kaset talla ce kawai da take jawo gayyata. Illar ita ce ba wanda ya damu da rubuta komai. Ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, ba sunayen 'yan amshi da makaɗan da suka riƙe waƙar. Shata ya rasu a 1999 bayan fiye da rabin ƙarni yana waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa tun 1988, amma masu tattara tarihinsa, irin su Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da littafi a kansa a 2006, sai da suka bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya suna tambaya. Sau da yawa sunan hakimi ko attajirin da aka ambata a cikin waƙa ne yake nuna zamanin da aka yi ta.

Akwai kuma waɗanda ko kaset bai kai gare su ba. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta samu an ɗauki amadarta saboda ta fito fili. Waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe kuwa a cikin gida ake yin su, kuma aikin ne yake riƙe da su. Da injin niƙa ya zo, siminti ya kori daɓe, sai suka yi shiru ba tare da an ɗauki mafi yawansu ba. Ba a cika jin ana kewarsu a intanet ba, don babu abin da za a danna a saurara.

Abin da yake ba ni dariya shi ne yadda layin "tsohuwar waƙa" yake matsowa. Finafinan Indiya sun daɗe a gidajen silman Kano da Kaduna da Jos, har masu bandiri suka riƙa ɗaukar karinsu suna ɗora begen Annabi a kai. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara a 1990, ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, sai fiyano ta maye gurbin kalangu, namiji da mace suna amsa wa juna. Dattawa suka kira abin nanaye cikin raini, suka ce an kashe kiɗan gargajiya. Yau 'yan matan da aka yi wa faɗa saboda waɗannan waƙoƙi sun zama iyaye, wasu har da jikoki, kuma su ne suke tura wa juna su a WhatsApp suna cewa Allah sarki, lokacin da waƙa take da ma'ana. Maganar da aka faɗa musu ita suke faɗa wa 'ya'yansu.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma bayan 'yan shekaru memori ya kashe kasuwar kaset. Sabuwar sana'a ta fito: matashi da kwamfuta a ƙarƙashin lema, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko bakin tasha, yana tura waƙoƙi ɗari a kuɗi kaɗan. Su ne, ba wata hukuma ba, suka juye dubban tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, kuma daga hannunsu abin ya hau YouTube. Wannan yawo na waƙa daga waya zuwa waya har ya ja hankalin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda a 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutanen Sahara. Shi ne kuma ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani a Yamai, kiɗan da Mamman Sani ya yi da ogan, wani irin fiyano mai lantarki, a 1978, ya sake fitar da shi a 2013. Turawa suka ce sun gano wani gwani da ba a sani ba. Mutanen Nijar kuwa sun shekara da shekaru suna jin kiɗan nan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san sunan mai shi ba ne kawai.

Yanzu TikTok ya mayar da mu ƙasa da inda garmaho ya tsaya. Daƙiƙa talatin ake yankowa, inda zambo ya fi zafi ko kirari ya fi daɗi, a ɗora a kan hoton wani ɗan siyasa ko ango. Ba na cikin masu tsine wa abin, tunda shi ya kai direban nan ga neman cikakkiyar waƙar, kuma na ga yana bin amshin ba kuskure.

Da muka iso na miƙa masa kuɗinsa, na ce ya nuna mini wayar in ga ko akwai wasu irinta. Ya miƙo. Sunan da aka rubuta a kan waƙar shi ne "Shata tsohuwa 04". Na ce masa ai wannan Ɗanƙwairo ne, ba ka ji kotso ba? Ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "Ashe? To Baba, shi Shatan wanne ne?"