"Itatuwan asali": dogon yaro ba ya cikinsu

Tun da damina ta faɗi, da wuya ka murɗa rediyo a Sakkwato ba ka ji ana cewa "itatuwanmu na asali" ba. Jami'i ya faɗa, ɗan siyasa ya faɗa wurin bikin dashe, mai gabatar da shiri ya maimaita. Makon jiya na ji wani yana lissafa su. Ya fara da dogon yaro, ya bi da mangwaro, ya rufe da turare. Ukun nan duka baƙi ne: dogon yaro da mangwaro daga yankin Indiya suka fito, turare kuwa daga Ostireliya.

Itacen asali shi ne wanda ƙasar nan ta haifa da kanta, ya tsiro ya yaɗu ba tare da wani ya ɗauko irinsa daga wata nahiya ba. Yawansa a gari ba ya ba shi wannan matsayi, haka ma samun suna da Hausa. A wurin sunan nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Ɗauki tsamiya. Larabawa sun san 'ya'yanta ta hanyar fatauci da Indiya, sai suka kira ta tamar hindi, wato dabinon Indiya. Daga bakinsu Turawa suka karɓi sunan, masana tsirrai kuma suka zo suka rubuta Tamarindus indica, Indiya har sau biyu a suna guda. Duk wanda ya buɗe littafi zai rantse baƙuwa ce. Alhali tsamiya 'yar Afirka ce, daga nan ta tafi can tun zamanin da ba a rubuta ba. Shi ma dogon yaro yana da indica a sunansa na littafi, amma shi nasa gaskiya ne. Wajen 1928 aka fara dasa shi a Borno, lokacin mulkin Turawa, daga baya ya game Arewa. Ko sunan da muka raɗa masa shaida ne: mutanen da suka saba da itacen da ke shekara da shekaru kafin ya yi inuwa suka ga wani ya zarce katanga yana yaro, suka kira shi da abin da suka gani. Tsamiyar da muke kunu da ita tun kaka da kakanni tana yawo da sunan baƙi, baƙon kuma ya sami sunan gida.

Ba ƙin dogon yaro nake yi ba. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan, ranar da ma'auni ke haura 40, ba zai raina inuwarsa ba. Yana jure fari, awaki ba su cika damunsa ba, ganyensa magani ne. Abin da ke damuna shi ne idan aka sa shi cikin jerin na asali, sai a ga kamar ba mu yi asarar komai ba. Gari ya yi kore, lissafin dashe ya cika, ƙirya da maɗaci da ɗinya kuwa suna ƙarewa babu mai tambaya.

Sunayen wurare sun fi rediyo riƙon amana. Gawon Nama gawo ne. Giginya, inda dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka tari Turawa a watan Maris na 1903, sunan itace ne, wadda ake yi wa kirari da na nesa ka sha inuwarki. A Gudu, ƙarƙashin faru aka yi wa Shehu Usmanu mubaya'a a 1804. Jar fatar akuyar Sakkwato da ta yi suna har ƙetaren hamada, da bagaruwa majema ke jeme ta. Tambayi kanka, a cikin tsoffin unguwannin Birni wace ce ta ci sunan dogon yaro?

Shekaru kaɗan ke nan da na ɗauki al'adar fita neman manyan itatuwa a ranakun hutu, ni da wasu abokai biyu. Kayan aikin ba su da yawa: igiyar awo irin ta magina, littafi, da waya. Muna auna kaurin gindi daidai ƙirji, wato mita 1.3 daga ƙasa, domin a nan masu awon itace ke aunawa a ƙasashe da yawa, kuma idan wani ya zo bayanmu zai iya kwatantawa. Mu ɗauki hoton ganye da ɓawo da 'ya'ya, mu rubuta inda wayar ta nuna muke, sannan mu nemi dattijo. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci. Manhajar waya mai gane itatuwa takan rikita gamji da ceɗiya, tsohon manomi ba ya rikita su.

A wani ƙauye ta wajen Wamakko mun tarar da kukar da igiyarmu ta kasa zagayewa, sai da muka yi alama da alli muka sake ja. Jikinta duk tabon inda aka ɓare ɓawo don igiya, ga turakun da masu ɗibar ganye suka kafa suna hawa. Na ce wa mai gonar, "Baba, ko an san wanda ya dasa ta?" Ya ce, "Ɗana, wa ka dasa kuka? Nan munka ishe ta, nan kakana ya ishe ta." Daga nan ya ja mu cikin gonar ya nuna mana gawo uku da ya hana a sara. Damina ce, duk sun kaɗe ganye tas, gero ya yi baƙi ƙirin a ƙarƙashinsu, ya fi na gefe tsawo. Gawo ke nan: yana zubar da ganye lokacin da shuka ke son rana, ya yi sabo da rani, ya ba dabbobi 'ya'ya su ci, su kuma su bar taki a gindinsa. A wajen Zinder da Maraɗi manoma sun mai da miliyoyin kadada kore ta hanyar ƙyale irinsa ya tsiro a gonakinsu kawai. Wannan daidaituwa da ruwanmu da geronmu da bisashenmu ita nake nufi idan na ce asali, kuma ba a samun ta cikin shekara ɗari.

Akwai wata ƙirya a littafina, shafi na tara, a bakin wata fadama. Mun auna ta da rani, mun ɗauki hoton baƙaƙen 'ya'yanta da ake daddawa da su. Da muka koma bana don mu ga ganyenta na damina, kututture muka tarar da tokar ramin gawayi a gefe. Ƙirya ce maƙera suka fi so, gawayinta ba ya saurin ci. Taku kaɗan daga wurin an jera sabon dashen dogon yaro, kowanne da kewayen ƙaya. Na ja layi a ƙarƙashin awon, na rubuta ranar da muka same ta haka.