Gyaran na'urar ɗaga garma ta tsohuwar tarakta

Na'urar ɗaga garma, wadda makanikai ke kira haidirolik, ita ce sashen tarakta da ke amfani da matsin mai wajen ɗaga kayan aikin da aka ɗaura mata a baya, da sauke su, da riƙe su a zurfin da direba yake so. Garma da haro da rija da injin shuka duk a kanta suke rataye. In ta mutu, ko da injin tarakta garau yake, aikinta ya koma jan tirela kawai. A Kano da kewaye, da yawa daga cikin taraktocin haya, waɗanda manoma ke kira tantan, sun kwana biyu a duniya, shi ya sa gyaran wannan na'ura ya zama fanni mai zaman kansa a wajen makanikan manyan injuna.

Asali

Harry Ferguson, injiniya ɗan arewacin Ailan, shi ya ƙirƙiro tsarin, ya yi masa rajistar mallaka a Birtaniya a 1926. Dabararsa ita ce a haɗa garma da tarakta a wuri uku: hannuwa biyu a ƙasa, sanda ɗaya a sama. A 1938 suka ƙulla yarjejeniyar baka da Henry Ford, aka fito da Ford 9N a 1939. A 1946 aka fara ƙera Ferguson TE20 a Ingila, a 1953 kuma kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris, wanda daga baya ya zama Massey Ferguson. MF 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, da ƙannenta irin su MF 375 da kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan, duk a kan wannan tushe suke. Wanda ya fahimci ɗaya bai yi nisa da fahimtar sauran ba.

Shigar tarakta ƙasar Kano da yawa tana da alaƙa da manyan ayyukan noman gwamnati: madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974, da filayen ban ruwa na Kadawa da Kura, da kuma KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano. Banda Massey Ferguson, akwai Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da Fiat da Ford.

Yadda take aiki

A tsofaffin Massey Ferguson famfon yana nutse cikin mai a cikin tukunyar da ke tsakanin giyabos da gatarin baya, ƙarƙashin kujerar direba. Yana da ƙananan fistin huɗu, kuma sandar da ke juya PTO, wato ƙarfen da ke leƙowa ta bayan tarakta yana juya kayan aiki, ce ke tuƙa shi. Daga famfo mai yana hawa ta wani siririn bututu da ke tsaye, ya shiga silinda da ke maƙale a ƙarƙashin babban murfi. Can yake tura fistin, fistin ya tura sanda, sanda ta juya ƙarfen da ya gitta murfin, hannuwan baya su tashi. Sauka kuwa ba ƙarfin famfo ba ne. Hanya kawai ake buɗe wa mai ya koma tukunya, nauyin garma ya sauko da ita.

Ƙarfin ba ƙarami ba ne. A irin waɗannan taraktoci matsin yana kaiwa bar 170 zuwa 200 (bar mizanin auna matsi ne). Fistin mai faɗin inci 3 a matsin bar 170 yana turi da nauyin kusan tan 8, ko da yake abin da ke isa ƙarshen hannuwa tan ɗaya da ɗoriya ne, saboda tsawonsu. Akwai bawul na kariya da ke buɗewa ya saki mai idan matsi ya wuce kima.

Abin da ya bambanta tsarin Ferguson shi ne bawul ɗin da ke ba da umarni yana bakin mashigar famfo ne. Idan ba a buƙatar ɗagawa sai ya toshe wa famfo hanyar shan mai, famfon ya yi ta juyawa ba komai a cikinsa. A MF 135 da ƙannenta, liba biyu ke sarrafa shi daga gefen kujera. Ɗaya tana tsayar da hannuwa a tsayin da aka zaɓa. Ɗayar kuma tana bin nauyin ja: idan garma ta ci karo da ƙasa mai tauri, sandar sama takan danna wani ƙaƙƙarfan sifirin, shi kuma ya motsa bawul, garma ta ɗan ɗaga, nauyinta ya koma kan tayoyin baya su ƙara kama ƙasa. Direban da bai san bambancin libar nan biyu ba yana iya kai tarakta gareji alhali lafiyarta lau.

Gano inda ciwon yake

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake yawan asarar kuɗi. Da haidirolik ya ƙi ɗagawa, famfo ake fara zargi, shi ne kuma mafi tsada. Sau da yawa laifin na wata robar zobe ce mai araha, ko na man da ya lalace. Makanike nagari ba ya taɓa murfi sai ya gama bincike daga waje.

Ana farawa da mai. Tukunya ɗaya ce ke ciyar da giyabos da gatarin baya da haidirolik, a MF 135 tana cin kimanin lita 30. Duk ɓarɓashin ƙarfen da giya ta zubar ta cikin famfo zai bi. Idan an zaro ma'aunin mai aka ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Yawanci ta robar da ke rufe gindin sandar giya yake bi, wadda zafin rana kan tsattsage, ruwan Agusta kuma ya samu ƙofa a kan taraktar da ke kwana a fili. Ta wannan kafa ƙurar hunturu take shiga ita ma. Mai mai kumfa alama ce ta iska: ko man ya yi ƙasa, ko kuma, a taraktocin da famfonsu ke jikin injin irin Fiat 640, tiyon da ke kawo mai ya tsage ko maɗaurinsa ya saki.

Sai a duba ko famfon yana juyawa ma. A TE20 sai an sa PTO an kuma saki kuloci yake aiki. A masu kuloci hawa biyu, taka shi har ƙasa yana tsayar da famfo.

Daga nan sai gwajin nauyi. A ɗaura haro, a ɗaga shi sama, a kashe injin, a tsaya a kalla. In ya zauna ko yana sauka a hankali ƙwarai, ɓangaren sama yana riƙe mai. In ya zube ƙasa cikin 'yan mintoci, akwai yoyo a ciki. Irin wannan yoyo ne ke sa hannuwa su riƙa zabura idan injin yana aiki: su ɗan sauka, bawul ya ji, famfo ya mayar da su, haka dai ba hutu. Domin a ga inda yake, ana rage mai, a cire ƙaramin murfin gefen tukunya, a haska tocila alhali kaya suna sama. Man da ke zubowa daga bakin silinda yana nuna ringin fistin sun cinye ko bangon silinda ya karce. Wanda ke gangarowa ta jikin bututun tsaye yana nuna robobinsa sun mutu ko ya tsage. Idan sama a bushe yake amma man ƙasa yana tafasa kusa da famfo, bawul na kariya ko na umarni ne ke saki.

Lokacin da matsalar ke bayyana shi ma shaida ne. Taraktar da ke ɗagawa da safe amma ta gaza da rana tsaka, musamman a zafin Maris da Afrilu, tana da sassan da suka cinye, domin mai in ya yi zafi yakan tsinke ya bi ta kowace kafa. Wadda ke nawa da sanyin safiya ta warware in ta ɗumama, ko man nata ya yi kauri ko rariyar famfo ta toshe. Ɗagawa da karkarwa kuwa tana nuna ɗaya daga cikin ƙananan bawul na famfo ba ya rufewa.

Ma'aunin matsi ne ke yanke hukunci. Ana ɗaura shi a mafitar mai da ke kan murfi, a karanta. Garejin da ke gyaran tarakta ba shi da wannan agogo, da ka yake aiki, kuma aljihun mai tarakta ne ke biya.

Aikin gyara

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a wanke saman tarakta tas, a kuma nemi wurin da iska ba ta kwaso ƙasa. Bawul ɗin umarni an goge shi ne daidai da raminsa, ƙwayar yashi ɗaya tana iya maƙale shi. Ba a goge shi da sanfefa, ba a kuma dukansa da guduma. In ya karce, a canza shi da gidansa gaba ɗaya.

Ana cire kujera, a zare bututun tsaye ta sama, a raba mahaɗin da ke tsakanin libobi da bawul ta murfin gefe, sannan a ɗaga babban murfi. Wanda ya manta da mahaɗin nan zai lanƙwasa shi. Murfin yana da nauyi, mutum biyu ko ƙugiya yake so. Idan an kifa shi a kan benci, silinda da fistin da 'yan sandunan sarrafawa duk suna bayyana. Tsofaffin fistin suna da ringin ƙarfe uku, na baya kuma suna zuwa da zoben roba mai riƙe mai fiye da su. Sabon ringi a cikin silinda mai karce ba ya daɗewa, gara a canza su tare. A duba kuma 'yar tayar ƙarfe da ke bin gefen sandar ɗagawa, domin in ta cinye liba ba ta ƙara daidaita da tsayin hannuwa.

Famfo yana fitowa bayan an zare sandar PTO ta baya an cire kusoshin da ke riƙe shi ta gefe biyu. Ana sayar da kayan cikinsa a ƙunshi ɗaya, fistin da ringi da bawul da robobi, kuma in gidajen ba su tsage ba, sabunta shi ya fi sayen wani tsohon da ba a san tarihinsa ba. Kafin a mayar da komai, a kwashe laka da ɓarɓashin da suka kwanta a gindin tukunya, a ɗauraye da man dizal, a bari ta tsane. Gasket da robobi sababbi ake sawa duka. Manne gasket da gam mai yawa kuskure ne, domin abin da ya tsattsafo ciki yakan ɓalle ya toshe rariya.

Akwai wata dabara da ya kamata a guje mata, wato ƙara wa bawul na kariya washa ('yan zobban ƙarfe) domin tarakta ta ɗaga abin da ya fi ƙarfinta. Takan ɗaga na ɗan lokaci, daga baya silinda ko murfin ya fashe, gyaran da ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba.

Man da za a zuba shi ne wanda littafin taraktar ya ambata. Masu birki a cikin mai suna buƙatar man tarakta na musamman, wanda ake rubuta UTTO ko STOU a jikin jarkarsa. Baƙin man da aka juye daga injin ba shi da gurbi a nan, komai tsadar sabo.

Hatsari

Ba a shiga ƙarƙashin garmar da haidirolik kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da katako ko ƙarfe. Ba a sa hannu ta murfin gefe injin yana aiki. Man da ke tsartuwa ta ƙaramar huda a wannan matsi yana iya huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar ba komai alhali yana iya cin yatsa ko hannu. Da kwali ake neman yoyon tiyo, wanda kuma abin ya sama a kai shi asibiti nan take. Yaran gareji masu koyon aiki su ne suka fi shiga wannan hatsari, alhakin nuna musu kuwa yana kan maigidansu.

Kayan gyara a Kano

Kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari su ne inda aka fi neman kayan injuna, sababbi da na gwanjo. Kayan Massey Ferguson sun fi sauƙin samu, saboda har yanzu ana ƙera su a ƙasashe irin su Indiya da Turkiyya da Pakistan, amma ingancinsu hawa-hawa ne. Fistin da silinda sun sha bamban a faɗi daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka mai saye ya tafi da tsohon a hannu a gwada. Haka kusoshin hannuwa: rukuni na ɗaya milimita 22 ne, na biyu milimita 28, kuma ƙaramar kusa a babban rami tana cinye shi tana sa garma rawa.

Lokacin gyara ya danganta da inda tarakta ke aiki. Ta noman damina, watannin Fabrairu zuwa Afrilu ne nata, kafin layi ya yi tsawo a gareji da faɗuwar ruwan farko. Ta filayen Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa ba ta da dogon hutu, domin ana girbe shinkafa sai gyaran filin alkama da tumatir ya taso wajen Nuwamba, don haka masu ita kan nemi 'yan makonnin da ke tsakanin gama huɗar damina da girbi su buɗe ta.