Wai ta yaya tsohon haske ke nuna siffar sararin samaniya?

Wane haske ne kuma wannan?

Shi ne haske mafi tsufa da ake iya hangowa, ya taso tun sararin samaniya na da shekara wajen 380,000, yanzu kuwa ana maganar shekara biliyan 13.8. Ido baya ganinsa, ya huce sosai, sanyinsa ya kai digiri 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Wasu masana biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, su ne suka ci karo da shi a 1964 a New Jersey ta Amurka, wata ƙara ce ta addabi eriyar rediyonsu, har kashin tattabaru suka goge wai ko shi ne, ƙara dai ta ce tana nan, ashe hasken nan ne eriyar ke kamawa.

To ina ruwan haske da siffa?

Nan fa daɗin yake. Hasken yana da tabo-tabo, wani wajen ya ɗan fi wani ɗumi da kamar kashi 1 cikin 100,000. Masana sun san ainihin girman manyan tabon, don iya nisan da sauti ya ci ne a cikin zazzafan gas ɗin farko kafin hasken ya kuɓuce, to in ka san tsawon mutum kuma ka san nisan da yake tsaye ai ka san yadda ya kamata ka hango shi. In sarari ya lanƙwashe kamar bayan ƙwarya tabon zai ƙara girma a ido, in ya lotsa kamar sirdin doki sai ya ƙanƙance, in kuma a miƙe yake tabon zai ci kusurwar kusan digiri 1 a sama, faɗin cikakken wata sau biyu kenan.

Me aka gano?

Digiri 1 ɗin nan, wato sarari a miƙe yake. Balan-balan ɗin BOOMERanG da aka tayar a Antaktika a 1998 ya nuna haka, tauraron ɗan adam WMAP na 2001 da Planck na 2009 suka ƙara tabbatarwa. In ma akwai lanƙwasa bata kai kashi 1 cikin 100 ba.

Kenan kamar faifai yake?

A'a, kar ka kawo faifai a ranka. Nufin shi ne in ka zana alwatika tsakanin taurari uku masu nisan gaske, kusurwoyinta in ka haɗa su digiri 180 za su ba ka, irin na lissafin firamare. Kuma wannan bai ce sarari ba shi da iyaka ba, ai wanda ke tsaye a tsakiyar hamada ma ƙasa a shimfiɗe yake ganinta, ta yiwu girman ne ya fi ƙarfin ɗan abin da muke hangowa.