Mene ne Jingtailan?

Jingtailan shi ne sunan da 'yan Chana ke kiran tulunan nan da kwanoni na jan ƙarfe masu zanen furanni kala-kala, waɗanda siraran layuka masu ruwan zinare suka zagaye kowace kala a jikinsu. Turawa cloisonné suke ce masa. Jingtai zamanin mulkin wani sarkin daular Ming ne, wajen 1450 zuwa 1457, "lan" kuma shuɗi, don shi ya fi yawa a jikin kayan.

Mutane da yawa in sun gani a hoto sai su ɗauka fenti ne, ba fenti ba ne wallahi, gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe, dangin abin da ke jikin langa da samirar kayan ɗakin iyayenmu, sai dai wahalar wannan ta wuce misali. Maƙeri zai fara buga jan ƙarfe ya fitar da tulun, sannan wani ya ɗauki waya siririya da aka daddale, ya riƙa lanƙwasa ta da hantsaki yana fitar da ganye, da fure, da gajimare, yana mannawa ɗaya bayan ɗaya, a kai wuta ta kama jikin tulun. Ƙananan gurabun da wayar ta bari su ake cikawa da garin gilashi mai launi a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800, to da ya narke sai ya ƙanƙance ya lotsa, dole a sake cikawa a sake gasawa, haka za a yi ta yi har ya zo daidai da bakin wayar. Daga nan a goge da dutse da gawayi, a yi wa wayar ruwan zinare.

Abin da ya fi burge ni shi ne sana'ar ba a Chana aka fara ta ba, daga yamma ta shigo musu a zamanin daular Yuan ta Mongol. Wani littafin masana kayan tarihi na 1388 ma "kayan Dashi" ya kira ta, Dashi kuwa sunan da suke kiran Larabawa ne a lokacin. Amma su suka riƙe ta gam har ta zama kayan fada da wuraren bauta, kuma kayan zamanin sarki Xuande, 1426 zuwa 1435, har yau ana ji da su sosai. A 2006 gwamnatin Chana ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na ƙasa, kuma a Beijing aka fi yin ta.