Waiwaye: kuɗi, uba da gado a wasan kwaikwayon Amurka

Rigimar dukiya a gidajen wasan kwaikwayon Amurka ba da attajirai ta fara ba, da talakawa ta fara, masu ganin saura ƙiris su ma su kama ƙasa.

A 1949 Arthur Miller ya kai Death of a Salesman dandalin Broadway a New York. Willy Loman ɗan tallan kamfani ne da ya haura sittin, yana yawo da mota da akwatunan samfur gari-gari, firij ɗin gidansa ma biyan kashi-kashi ake yi, kamfani ya yanke masa albashi ya bar shi da kamasho, shi ne duk sati sai ya je wajen maƙwabcinsa Charley ya ranto dala 50 ya kawo wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo. Wallahi wannan wajen ya fi taɓa ni. Daga ƙarshe ya hallaka kansa don ɗansa Biff ya karɓi dala 20,000 na inshora, kuma ranar jana'izarsa ce Linda ta gama biyan bashin gidan.

Shekara goma bayan nan sai ga Lorraine Hansberry da A Raisin in the Sun, ita ce baƙar fata mace ta farko da aka saka wasanta a Broadway. Nan ma inshora ce, dala 10,000 na maigida da ya rasu a Chicago. Ɗansa Walter Lee direba ne, so yake ya zuba a shagon giya, ƙanwarsa na son karatun likita, ita kuma uwarsu gida take so, ta je ta ba da kafin alƙalami a unguwar fararen fata, su kuma mutanen unguwar suka aiko wakili da tayin kuɗi don kar su tare. Hansberry ta san abin a gida, mahaifinta sai da ya kai ƙarar irin wannan wariyar har kotun ƙoli a 1940.

Da talabijin ta karɓe ragama sai kyamara ta koma gidan masu shi. Dallas ya fara a 1978, gidan Ewing masu rijiyoyin mai a Texas, J.R. na cutar ƙaninsa Bobby ido da ido, kuma a Nuwamban 1980 sama da mutum miliyan 80 suka zauna kallo don sanin wanda ya harbi J.R. Dynasty ya biyo a 1981, farkon mulkin Reagan, lokacin da aka daina jin nauyin nuna arziki.

2008 tattalin arziki ya ruguje, shekarar ce Breaking Bad ya fito, malamin makaranta mai ciwon daji ya shiga haɗa ƙwaya yana cewa don iyalinsa yake yi, sai a kashi na ƙarshe ya amsa wa matarsa cewa don kansa ya yi.

Succession kuwa, daga 2018 zuwa 2023, ko hujjar iyali ba a tsaya kawowa sosai. Logan Roy na wasa da hankalin 'ya'yansa kan kujerar kamfani har ya mutu a jirgi bai miƙa wa kowa ba, aka sayar da kamfanin ga wani attajiri ɗan Suwidin, kujerar kuma ta faɗa hannun suruki.